Hoton Baba Ya Manne da Gilashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Hoto ɗaya tak muke da shi na marigayi mahaifinmu, na ranar da ya dawo daga aikin Hajji a 1978. Ruwan damina ya shiga firam ɗin, hoton ya manne da gilashi, launinsa kuma duk ya koma ja. Ƙanena ya ce a sa shi a Remini, manhajar nan ta gyaran hoto. Ina mafita? Daga wata mai karatu, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Kada ki bari kowa ya ɓamɓare hoton. Fuskar za ta bi gilashi, a bar ku da farar takarda a hannu. Ki goge bayan gilashin, a ɗora shi a sikana yadda yake. Ki ce wa mai shagon 600 dpi kike so, wato ma'aunin kaifin hoton, ya adana miki a nau'in fayil na TIFF, don na JPEG na rage inganci duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Idan ya fito dishi-dishi saboda kaurin gilashin, a ɗauke shi da kyamara a inuwa, ban da filasha.

Jan da kika gani ba abin tashin hankali ba ne. Hoton kala rini uku ne a shimfiɗe, mai shuɗi-shuɗin ne ya koɗe ya bar ja a fili. Wanda ya iya Photoshop, ko GIMP da ake saukewa kyauta, zai daidaita shi, ya toshe tabon ruwan da hannu.

Maganar ƙanenki kuwa, ni na taɓa ƙonewa. Bara wata mata ta kawo hoton mahaifiyarta shagona a Wunti, nan Bauchi. Tsohuwar na da tsage uku-uku a kumatu. Yarona ya sa hoton a irin waɗannan manhajoji, manhajar ta ɗauka ƙarzuwa ce ta share su tas, har da ƙara mata hasken fata. Matar ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, wannan ba Inna ba ce." Kunya kamar in nutse. Manhajar ba ta san Baba ba. Inda ba ta gani sosai, ƙirƙira take yi.

In za ki tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, ki tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi. Na asalin kuma a ɗauke shi daga bangon nan da ke yoyo.