Kafin ka sake ɗaura wa raket ɗinka zare

Ɗan'uwa, ka tambaya ko raket ɗin tanis na alminiyam ya cancanci a sake masa zare kamar na girafayit, wato wanda aka ƙera da sinadarin kabon. Ya cancanta, amma da sharaɗi. Alminiyam yana da laushi, kuma idan injin ɗauri ya ja shi da ƙarfi, kan raket ɗin yakan karkace, ba zai kuma koma daidai ba. Girafayit, wanda ya kori na katako daga manyan gasa a shekarun 1980, ya fi alminiyam tauri da rashin nauyi, sai dai idan ya tsage ya gama aiki, don haka ka duba gefensa da kyau, musamman wurin da yake gogar ƙasa, da ƙananan robobin da zaren yake ratsawa.

Yawancin raket ana ɗaure zarensu da ƙarfin ja na tsakanin kilo 22 zuwa 27, kuma masana'anta takan rubuta adadin a wuyansa. A ganina, mai alminiyam ya zaɓi zaren nailan, domin zaren foliyesta yana wahalar da gwiwar hannu, ya kuma tsaya a ɓangaren ƙasa na wannan adadi. Idan zare ɗaya ya tsinke, ka yanke sauran nan take, kada jan gefe ɗaya ya murɗe kan raket ɗin.