Fitilar motata ba ta haske da dare: in sa LED ne?

Malam, ka ce fitilar Corolla ɗinka ta dusashe, kana tunanin sa LED. Kafin ka kashe kuɗi, duba murfin fitilar tukuna. Roba ce, rana ke dafa ta har ta yi rawaya kamar tsohon haƙori. Tawa samfefa mai laushi da man goge kawai aka sa mata, haske ya dawo.

Sannan ka je wajen rewaya ya auna wuta. In inji na aiki, batir ya nuna volt 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da haka, ƙwan ba zai ba da cikakken haske ba.

Kuskuren da aka fi yi: ƙwan halojin na asali, samfurin H4, wat 60/55 ne, sai a cusa mai wat 100/90 ba rile (na'urar da ke ɗauke wa makunni nauyin wuta). Soket ya narke, har waya ta ƙone. Kuma kar ka taɓa gilashin ƙwan da hannu, maiƙon yatsa na rage masa kwana.

LED kuwa, a gidan fitilar halojin yakan watse, ya kashe wa na gaba ido. Fari fat na 6000K (K ma'aunin launin haske ne) ma a hazon hunturu ba ya ratsa ƙura sosai. Ni na fi son 4300K mai ɗan rawaya. In ka canza, a saita maka fitilar a jikin bango.