Wace manhaja zan yi shafin intanet da ita a kan Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina zaune a unguwar Zariya nan Maraɗi. Na sa Linux Mint a kwamfutata, kuma ina so in yi wa ƙungiyar su innata shafin intanet, don suna sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ban iya HTML ba, wato yaren da ake rubuta shafukan intanet da shi. Wani abokina ya ce in nemi KompoZer. Ita ce ta fi sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka da wannan niyya. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma labarinsa ya kwana biyu. KompoZer ta samo asali ne daga Nvu, wadda Daniel Glazman ya fitar a 2005. A zamaninta ta yi tashe, domin kana rubutu kana jera hotuna kamar a LibreOffice, ita kuma tana haɗa maka HTML ɗin a ɓoye. Sai dai rabon da a sabunta ta tun 2010, kafin a tabbatar da HTML5 a 2014. BlueGriffon da ta gaji Nvu ita ma ta tsaya a fitowar 2019. Ɗaukar ɗayansu yau kamar sayen babur ne wanda kayan gyaransa suka ƙare a kasuwa: zai tashi, amma ranar da ya tsaya ba mai taimakonka.

Abin da ya fi damuna da su shi ne waya. Mai neman man gyaɗa daga Damagaram ko Katsina ba zai buɗe kwamfuta ba, a wayarsa zai duba. Tsofaffin manhajojin nan an yi su ne da faffaɗan allo a zuciya, shi ya sa shafinsu kan fito a waya da rubutu ƙanana, sai mutum ya yi ta ja da yatsu biyu kafin ya ga farashi. Kafin ya gani ya gaji ya fita. SeaMonkey, manhajar shiga intanet, tana nan da rai, kuma a cikinta akwai Composer mai tsara shafi, amma ita ma wannan matsalar ce.

Shawarata ita ce Publii. Kyauta ce, lambobin da aka rubuta ta da su a buɗe suke ga kowa, kuma tana da fayil ɗin girkawa na deb da ke shiga Mint kai tsaye. Za ka zaɓi fasalin shafi daga waɗanda aka riga aka tsara, kuma suna daidaita kansu da allon waya. Daga nan sai rubutu da sa hotuna kawai. Abin da ya sa na fi son ta a garinmu shi ne duk aikin a cikin kwamfutarka yake, ba ruwanka da intanet sai lokacin ɗorawa. Ka zauna da inna da yamma, ta faɗa maka kuɗin lita da na jarka, ka rubuta, ka danna ka ga yadda zai fito, ba ka taɓa mega ko ɗaya ba. In ka gama sai ka haɗa, ka tura ta FTP, wato hanyar aika fayiloli zuwa masaukin da ke ajiye shafi a intanet, ko zuwa GitHub Pages, wanda ba a biyan kuɗin masauki. WordPress, wata manhajar yin shafi, ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tana son masauki mai rumbun bayanai da sabuntawa a kai a kai, kuma shafin kaya biyar bai kai ga wannan ɗawainiya ba. Gargaɗi ɗaya: Publii tana cin RAM, kuma sai kwamfuta mai 64 bit. In taka tsohuwa ce sosai za ta yi nauyi.

Tunda ɗalibi ne kai, kada ka tsaya nan. Ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa Linux umarni, ka rubuta sudo apt install bluefish. Bluefish ba ta ɓoye maka komai, HTML ɗin kake gani da launuka, tana kuma rufe maka alamomin da ka buɗe. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ka riƙa buɗe fayilolin da Publii ta haɗa a cikinta kana dubawa; a haka ido ke sabawa.

A nan ne kuma za ka kula da haruffanmu. In ka rubuta shafi da hannu ba ka sa layin meta charset="utf-8" a samansa ba, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ na iya rikiɗewa su koma wasu alamomi marasa ma'ana, har sunan ƙuli-ƙulin ya kasa karantuwa. Hotuna ma ka rage su da GIMP, manhajar gyaran hoto, kafin ka sa, domin hoton waya kan kai mega 3 ko 4, kuma mai saye ne zai biya da nasa forfe. Lambar WhatsApp ta ƙungiyar ta zauna a sama, da +227 a gabanta saboda ƴan Najeriya. Kafin ka raba wa kowa adireshin, ka buɗe shi a wayar inna, ka bar ta ta nemo farashin lita da kanta.