Amsa: Shirin tafiya koyarwa a ƙauyen arewacin Alaska

Malam, kan tambayarka ta shirin tafiya koyarwa ƙauyen Alaska, jihar da ke can arewacin Amurka, fara da gida. Nemi hukumar makarantar ta rubuta maka ko gidan malamai na da ruwan famfo, don a wasu ƙauyukan bokiti ne ban ɗaki. Babu titi, sai ƙaramin jirgi, shi ya sa kanti ke da ɗan karen tsada. Aika shinkafa, mai da yaji ta gidan waya tun Yuli, kowane ƙunshi kada ya wuce kilo 31. Rigar ciki ta ulu za ka saya, auduga na riƙe gumi ta sanyaya jiki. A Utqiagvik, wani gari a can ƙarshen arewacin Alaska, rana kan faɗi a Nuwamba, ba ta sake fitowa sai ƙarshen Janairu, saboda haka tambayi malaman addini yadda za ka ƙaddara lokutan salla.