Ba ni da Ghana Card: ta yaya zan yi rajistar zaɓe, kuma me ƙuri'ata za ta canja?

Tambaya: Wani matashi daga Aboabo a Kumasi ya rubuto yana cewa: "Malam, na cika shekara 18. A nan Aboabo aka haife ni, haka ma mahaifina. Ban samu Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ba tukuna, abin da ke hannuna shi ne takardar haihuwa da katin inshorar lafiya. Abokaina sun ce da zarar an ji sunana za a ce ni baƙo ne. Ta yaya zan yi rajista? Kuma anya ƙuri'a ɗaya tana da wani tasiri?"

Amsa: Ƙanina, zan fara da maganar abokanka, domin ita ce ke hana matasan zango da yawa zuwa wurin rajista. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce duk ɗan Ghana da ya kai shekara 18, mai cikakken hankali, yana da haƙƙin jefa ƙuri'a da haƙƙin a yi masa rajista. Sashen bai ambaci suna ko ƙabila ko harshe ba. Abin da doka take dubawa shi ne zama ɗan ƙasa, kuma ga wanda aka haifa bayan kundin ya fara aiki, kamar kai, ya isa a ce ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne. Sai dai ka lura cewa haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa, saboda haka ka zauna da mahaifinka ka tabbatar da asalin gidanku da takardun da ke hannunsa kafin ranar rajista. Tsoron da ke zukatan mutanenmu yana da tushe, tun daga umarnin korar baƙi na 1969 a zamanin Firayim Minista Kofi Busia, wanda ya raba iyalai da dama a zanguna. Amma dokar yau a rubuce take, kuma tana bayanka matuƙar kai ɗan ƙasa ne.

Takardun da ka ambata ba za su yi maka aiki ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2014, a shari'ar da Abu Ramadan ya shigar, cewa katin inshorar lafiya ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ne, domin baƙo mazaunin Ghana ma yana iya mallakarsa. A 2020 kuma kotun ta ce takardar haihuwa ita ma ba ta wadatar ba. Abin da Hukumar Zaɓe take karɓa tun daga 2020 shi ne Ghana Card, ko fasfo na Ghana, ko kuma mutum biyu masu rajista waɗanda za su tsaya maka, su sa hannu cewa kai ɗan ƙasa ne kuma shekarunka sun cika. Hukumar ta nemi a soke wannan hanya ta uku a 2023, majalisar dokoki ba ta amince ba, kuma da ita aka yi rajistar watan Mayun 2024. Doka ta ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai tsaya wa fiye da mutum goma ba. Shawarata ita ce ka tafi da waɗanda suka san ka tun kana yaro, kamar kawu ko maƙwabci, ka guji 'yan siyasar da ke tsayawa a bakin wurin rajista suna sa wa kowa hannu, domin shaidar ƙarya laifi ce, kuma irin wannan rajista ce aka fi ƙalubalanta. Duk da haka kada ka daina neman Ghana Card, tun da ƙa'idar tana iya sauyawa.

Ba kullum ake yin rajista ba. Hukumar tana sanar da ranaku da wurare, galibi a ofisoshinta na gundumomi, sai ka je na yankin da kake zaune. Za a cike maka fom, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, sannan a ba ka katin zaɓe. Idan wakilin wata jam'iyya ya ƙalubalance ka, kada ka yi fushi ka tafi. Za a kammala rajistar, a riƙe katin, a miƙa batun ga kwamitin gunduma mai duba ƙorafe-ƙorafe, inda za ka kai hujjojinka, kuma idan hukuncin bai gamsar da kai ba kana da damar ɗaukaka ƙara. Daga baya hukumar tana baje kundin masu zaɓe na wasu kwanaki, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Ka je ka duba sunanka da rumfarka da idonka. Kada kuma ka yi rajista sau biyu, domin na'ura tana gane zanen yatsu.

Batun tasirin ƙuri'a kuwa, tarihin ƙasar nan ya amsa shi. A zaɓen 2008 sai da aka je zagaye na biyu, aka kuma jira mazaɓar Tain ta jefa ƙuri'a ranar 2 ga Janairun 2009, kafin a bayyana John Atta Mills a matsayin wanda ya doke Nana Akufo-Addo da ratar ƙuri'u kusan dubu 40 cikin kimanin miliyan 9. A 2020 jam'iyyun NPP da NDC kowacce ta samu kujera 137 a majalisa, har ɗan takara mai zaman kansa daga Fomena, a nan yankin Ashanti, ya zama shi ke riƙe da rinjaye. Da 'yan ɗaruruwan mutane a mazaɓa guda sun sauya ra'ayi, da majalisar ta ɗauki wani salo dabam. Duk da haka fitowar masu zaɓe ta sauka daga kusan kashi 79 cikin ɗari a 2020 zuwa kusan kashi 61 a 2024.

A ganina ba don jinƙai kawai aka kafa Asusun Raya Zanguna a 2017 ba. Jam'iyyu sun lissafa ƙuri'un zanguna irin su Nima da Madina a yankin Accra da Asawase a Kumasi, suka ga ba za su iya kawar da kai daga gare su ba. Ɗan siyasa yana karanta sakamakon zaɓe rumfa bayan rumfa, kuma unguwar da ba ta fitowa ba ya wahalar da kansa a kanta.

Wannan katin zaɓe ɗaya ne kuma za ka yi amfani da shi a zaɓen majalisun gundumomi, wanda aka yi na baya a Disambar 2023, inda ake zaɓen wakilin unguwa ba da tutar jam'iyya ba. Mutane kaɗan ne ke fitowa, alhali shi wannan wakili ne ke kai maganar magudanan ruwa da shara da fitilun titi na Aboabo gaban majalisar Asokore Mampong, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ka ƙaura daga unguwar kafin zaɓe, ka nemi a mayar da ƙuri'arka zuwa sabon wurin a lokacin da hukumar ta buɗe damar yin haka. Idan kuma katin ya ɓace, sunanka yana nan a kundi, za a tantance ka da zanen yatsa a rumfarka ka jefa ƙuri'a.