Na'urar sauke wutar sola daga 48V zuwa 12V: in haɗa ko in saro?

Tambaya daga wani mai gyaran inbata a kusa da Kasuwar Sheikh Gumi, Kaduna: "Masu saka sola na yawan neman na'urar da za ta sauke wutar batir daga 48V zuwa 12V domin kyamarorin tsaro, kuma wadda shigarta da fitarta ba su haɗa waya ba. In zuba jarina in riƙa haɗawa?"

Malam, akwai kasuwa a nan, amma kada ka karɓi babbar oda tukuna. Haɗa biyar kawai, ka gwada.

Ƙananan allunan sauke wuta na LM2596 da suka cika kasuwa ba za su yi ba: iyakarsu 40V, kuma layin negatif ɗinsu ɗaya ne daga shiga har fita. Kai taransifoma kake buƙata a tsakani. Ga wat 60, wato 12V a amfiya 5, tsarin flyback, inda taransifoma ke tara wuta ta sake ta a mafita, ya fi arha: IC mai sarrafawa UC3843 ya tuƙa MOSFET, wato taransistan da ke kunna wuta da kashe ta, a kusan 100kHz, TL431 ya auna ƙarfin wutar fita, PC817 ya mayar da saƙon ga UC3843 ta haske, dayod MBR20100 a mafita, da kafasita masu jure zafin digiri 105.

Inda jari ke ƙonewa shi ne MOSFET. Batirin da ake kira 48V yakan kai 58V lokacin caji. Idan naɗin taransifomarka huɗu ne bisa ɗaya, kusan 50V za su dawo ta naɗin farko, ka ga an haura 100V tun kafin tsalle-tsallen wuta a duk lokacin da MOSFET ya kashe. IRF540 mai 100V zai fashe. Ɗauki IRF640 mai 200V, ka sa masa dayod da rezista da kafasita masu shanye wannan tsallen. Jabu ma sun yi yawa, don haka ka tsaya ga dila ɗaya da zai karɓi kayansa idan suka ba da matsala.

Zuciyar taransifomar ta ferrite, wadda ake naɗa waya a kanta, kuwa dole a bar mata ɗan gibi a tsakiya, in ba haka ba ta ƙoshi, wuta ta kwarara, komai ya ƙone. Raba naɗin farko biyu, ka sa naɗin fita a tsakaninsu, da tef mai hana wuta.

Na'urar za ta zubar da wajen wat 10 zuwa 12 a matsayin zafi. Gwada ta da cikakken lodi awa takwas cikin akwatinta a rufe, da rana, irin ta watan Afrilu.

Wajen farashi, lissafa kaya, akwati, awannin naɗi da abin da ya ƙone a gwaji, sannan ka ware wani kaso domin waɗanda za a dawo da su. Kwatanta jimlar da kuɗin wadda aka shigo da ita. Idan taka ta fi tsada, saro ka sayar, ka ci riba a sakawa da gyara. Idan ta fi sauƙi, karɓi rabin kuɗi kafin ka sayi kayan kowace oda.