Ƙwayar Sankarar Mama da Ake Sha a Gida: Tambayoyinku, Amsar Likita

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An yi wa mahaifiyarmu aikin sankarar mama, yanzu an ce ta bazu zuwa ƙashi da hanta. Mun zaci ƙarin ruwan nan za a sake sa mata, sai aka rubuta mana ƙwayar Xeloda, wai ta riƙa sha a gida. Ƙannena na cewa likitoci sun sallama ta ne. Daga wani bawan Allah a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Ka gaya wa ƙannenka ba wanda ya sallama ta. Wannan ƙwaya, wadda ainihin sunanta capecitabine, cikakken maganin sankara ce, kuma tun 1998 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita ga sankarar mama da ta bazu.

Ga yadda take aiki. Akwai tsohon magani, 5-FU, wanda ake bayarwa ta jijiya. Ƙwayar tana shiga jiki ne da takobinta a kube, domin lokacin da aka haɗiye ta ba ta zama 5-FU ba tukuna. Hanji ya tsotse ta, hanta ta fara sauya ta, a sake sauya ta a karo na biyu. Mataki na ƙarshe kuwa wani sinadari ne mai suna thymidine phosphorylase ke yin sa, kuma ya fi yawa a cikin ƙarin sankara fiye da lafiyayyen nama. Don haka a can maganin ya fi taruwa. Da ya zama 5-FU sai ya toshe hanyar haɗa ɗaya daga cikin kayan da ake gina DNA da su (DNA shi ne kundin tsarin halitta da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki). Ƙwayar halittar sankara ba ta da aiki sai rabuwa gida biyu, in babu sabon DNA ba ta iya rabuwa, sai ta mutu.

Amma gaskiya ɗaya ce: idan cutar ta kai wannan mataki, manufar magani ita ce a danne ta, a rage ciwo, a samu ƙarin lokaci cikin ƙarfin jiki. Ana gane yana aiki ne ta hoto da gwajin jini bayan an yi zagaye biyu ko uku na shan ƙwayar.

Tambaya: Likita, me ya sa ake sha mako biyu a huta mako guda? Ina jin sauƙi, ba gara in zarce ba? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: A'a, Hajiya. Fatar baki, cikin hanji da ɓargo su ma suna sabunta kansu da sauri, maganin yana taɓa su. Kwana 7 ɗin nan nasu ne, su farfaɗo bayan kwana 14 na sha. Safe da dare ake sha, cikin minti 30 bayan cin abinci, da ruwa. Kada a tauna, kada a daka. In kin manta ko kin yi amai, kada ki ninka na gaba.

Tambaya: Tafin hannun matata da na ƙafarta sun yi baƙi, suna zafi suna saɓa. Ranar nan injin banki ya ƙi karɓar yatsanta. Sammu ne ko maganin? Daga Kumasi.

Amsa: Maganin ne, Malam, kuma wannan ce illarsa da aka fi sani. A farar fata ja ake gani, mu kuwa yawanci duhu ne ke fara bayyana, shi ya sa ake makara wajen ganewa. Har zanen yatsa yana iya shafewa. Ta riƙa shafa mai mai kauri, musamman mai sinadarin urea, ta guji ruwan zafi da matsattsen takalmi. A ɗauke mata wanki da daka, wannan kam aikinku ne ku 'yan gida. Idan zafin ya fara hana ta taka ƙasa ko ɓalle maɓalli, ta dakatar da shan ƙwayar ku kira likitanta. Sau da yawa hutu da rage yawan ƙwayar su ne mafita, kuma hakan ba ya nufin an ɓata magani.

Haka nan a dakata a garzaya asibiti in gudawa ta ƙaru da sau 4 a rana kan yadda aka saba, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko gyambon baki ya hana cin abinci, ko ƙirji ya riƙe. Wasu mutane ƙalilan an haife su da ƙarancin sinadarin DPD mai rusa maganin, su illar kan taso musu da ƙarfi tun kwanakin farko.

Tambaya: Yayata da ke shan wannan ƙwaya ta rame, zan iya sayo mata maganin ƙarin jini a kemis? Daga Gombe.

Amsa: Kada ki saya sai likitanta ya duba kwalbar. Yawancinsu na ɗauke da folic acid, wanda ke ƙara wa wannan ƙwaya dafi. Mai shan warfarin na tsinka jini ko phenytoin na farfaɗiya ma dole ta faɗa, haka mai ciwon ƙoda, mai ciki da mai shayarwa. Jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa kuwa, ku karɓa ku yi godiya, amma ku kai su asibiti a gani kafin ta kai baki.